Maginan da Ke Riƙe da Tsoffin Gine-ginen Katsina

A birnin Landan akwai wani gidan 'yan mazan jiya a unguwar Celsi, wanda Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin a gina a 1682. Har yau tsoffin sojoji na kwana a cikinsa, da ɗakin jinyarsu da lambunsu. Ba ƙarfin dutse kaɗai ya kawo shi wannan zamani ba, akwai masu gyara da ba su taɓa ɗauke hannu daga kansa ba. Mu a Katsina muna da irin waɗannan mutane, sai dai ba kasafai muke waiwayarsu ba: maginan gargajiya da suka san yadda ake jinyar tsohon gini.

Wanda ke son ganin aikinsu ya je tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ginin ƙasa ne, ya haura shekara ɗari, yanzu kuma gidan tarihi ne. Hasumiyar Gobarau ta girme shi nesa ba kusa ba. Ginin ƙasa da aka bari babu kula, damuna kaɗan ke kai shi ƙasa, don haka tsayuwar waɗannan biyu shaida ce cewa wani hannu ya daɗe yana bi ta kansu.

Gwanin magini ba ya fara aiki da kwaɓa ƙasa. Zagaye ginin yake yi tukuna, yana ƙwanƙwasa bango yana saurare. Inda ya ji sautin holoƙo, ya san yaɓe ya rabu da tubali. Zai duba gindin bango inda laima ke ci, ya hau soro ya ga ko indararo ya toshe, domin ruwan da ya kwana a kan rufi shi ne babban abokin gaba. Zai kuma bi azara ɗaya bayan ɗaya. Daga giginya ake tsago ta, saboda gara ba ta cinta da sauƙi, amma ruwa in ya samu hanya yakan ruɓar da kanta a inda ta shiga bango.

Sannan a zo kan ƙasa, kuma a nan ne ake gane wanda ya gaji sana'ar. Ba kowace ƙasa ke yin gini ba. Mai yashi da yawa zubewa take yi, mai yumɓu da yawa kuma tsagewa take in ta bushe. Magini yana damƙar ta a hannu ya san halinta. A zuba ruwa, a yayyafa ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake kwaɓawa. Mai gaggawa ba ya wannan aiki. Bayan yaɓe sai makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ita ke ba bango wannan launi mai duhu, ta kuma sa ruwa ya zame. Don rufi kuwa akwai laso, haɗin katsi daga marina da gashin da majema ke kankarewa da dafara. Dubi yadda sana'a uku suka haɗu a kan soro guda: marini, majemi da magini. Shi ya sa mutuwar marina ba asarar masu rini kaɗai ba ce.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ga tsohon bangon ƙasa an lulluɓe shi da siminti, wai an gyara. Ƙasa na shan laima ta fitar da ita, siminti kuwa tsare ta yake a ciki, bango ya yi ta narkewa a ɓoye har ranar da filastar za ta ɓalle ta faɗo gaba ɗaya. Kamar a ɗaure miki ne ba a wanke ba. Magini na gaskiya da irin abin da aka yi gini da shi yake gyara shi.

Wannan ido na magini ne tsoffin ɗakunan asibitocinmu ke bukata, irin na Babban Asibitin Katsina da na Babbar Ruga, inda aka daɗe ana jinyar masu cutar kuturta. Ko da ba duka da tubali aka yi su ba, tsoffin gine-ginen jinya da hankalin zafin ƙasarmu aka tsara su: bango mai kauri, rufi mai tsawo, baranda da inuwar itatuwa, yadda majinyaci zai samu iska ko babu wutar lantarki. Kafin a ce a rushe irinsu, a kira wanda zai ƙwanƙwasa bangon ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki.

Kirana ga hukumomin da ke kula da kayan tarihi da sashen gine-gine na makarantun kimiyya da fasaha na jihar nan shi ne su nemo tsoffin maginan da suka rage, su ba su aikin gyara da hakkinsu a hannu, su kuma haɗa su da samari masu koyo tun kafin damuna mai zuwa.