Dodon da Aka Gani Ba Ya Ba da Tsoro

Duk wanda ya tashi a Wudil ya ji labaran 'yan ruwa da ake dangantawa da kogin garin, irin waɗanda ke hana yaro zuwa wanka bayan magariba. Amma da mun kunna fim ɗin Hausa na aljanu a waya, sau da yawa dariya muke ɓarkewa da ita. Me ya sa labarin da kaka ke bayarwa da fatar baki ya fi fim ɗin da aka kashe wa kuɗi tayar da tsigar jiki? Tarihin finafinan tsoro yana da amsa.

A 1922 Jamusawa suka fitar da Nosferatu, fim marar magana, kuma abin da aka fi tunawa a cikinsa shi ne inuwar dodo tana hawa bene. A 1960 Alfred Hitchcock ya yi Psycho, ya nuna cewa dodon yana iya zama saurayi mai ladabi da ke kula da masauki. Da ana ɗaukar Jaws, wanda ya fito a 1975, kifin injin da aka ƙera ya riƙa lalacewa, dole Steven Spielberg ya rage nuna shi, ya bar kiɗa da motsin ruwa su yi aikin. The Blair Witch Project na 1999 kuwa har ya ƙare ba a ga mayyar ba. Zuciyar ɗan kallo ta fi kowane mai kwalliya iya zana dodo.

Mu ta Indiya abin ya fi shigo mana, ta silimomin Kano da kaset ɗin bidiyo: macijiya mai rikiɗa a Nagin na 1976, da dodannin 'yan gidan Ramsay irin na Purana Mandir na 1984. A Kudu, Living in Bondage na 1992 ya kama mutane saboda tsafin kuɗi abu ne da ake zancensa a kasuwa lokacin da tattalin arziki ya matse. Finafinanmu, tun daga Turmin Danya a 1990, sun fi karkata ga soyayya da rikicin gida. Da suka waiwayi aljanu, sai suka ɗauko kwalliyar Indiya suka bar tsoron da ke cikin gidajenmu.

Kuskure biyu suke maimaitawa. Na farko gaggawar nuna dodo: jan ido, farin gari a fuska, wuta daga tafin hannu. Mu da ke aikin kwamfuta mun san waɗannan siddabarun a shirye suke zuwa cikin manhajar tace hoto, kuma yaron da ke wasa da TikTok ya san su. Na biyu, ƙarshen sananne ne: malam ya iso, ya yi ruƙiyya, aljani ya ƙone cikin minti biyu. Matsalar ba nasarar addu'a ba ce, arhar nasarar ce. The Exorcist na 1973 ma da addu'a ya ƙare, amma limaman cocin biyu sun rasa rayukansu kafin yarinyar ta kuɓuta.

Mun taɓa samun hujja a gida. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da zancen aljana Sumbuka ya mamaye makarantun 'yan mata a Kano, kaset-kaset na ruƙiyya sun firgita gari ba tare da hoto ko ɗaya ba. Murya ce kawai, da kuka, da shiru.

Saboda haka ba kuɗi ne ya yi mana ƙaranci ba. Masunci shi kaɗai a kwalekwale ƙarƙashin gadar Wudil da tsakar dare, yana jin ana kiran sunansa daga ruwa, ya ishi fim. Akwai kuma tsoron da ya fi wannan: tsohuwar da aka yi wa ƙazafin maita, unguwa ta taru a ƙofar ɗakinta ana cewa ta saki kurwar yaro. Fim ɗin da zai bar mu muna tambayar wane ne dodon, ita ko taron, zai hana mu barci, kuma wataƙila ya sa wani ya ajiye dutsen da ya ɗauka.