Haƙuri da Juriya a Ƙagaggun Labarai Uku na Matasa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce mahaƙurci mawadaci, ya kuma ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan manazartanmu suka ɗauki labarin yaron da ya sha wuya ya tsira, su ce jigonsa haƙuri ne, su wuce. A wannan takarda muna so mu nuna cewa wannan hukunci ya yi gaggawa. Akwai haƙurin sallamawa, inda mutum ke sunkuyar da kai har Allah ya kawo mafita, akwai kuma juriya, inda yake ɗauke da wahala amma idonsa na kan ƙofar fita. Za mu dubi littattafai uku da muka fi sha'awa cikin waɗanda suka fito daga 1990 zuwa 2020, wato Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, da Born on a Tuesday na Elnathan John, da The Girl with the Louding Voice na Abi Daré. Na farko da Hausa aka rubuta shi, sauran biyun da Turanci, amma duka ukun 'ya'yan Nijeriya suke magana a kai.

2.0 Tushen Jigon

Kafin mu shiga cikinsu ya kamata mu waiwayi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. An sace Umar yana ƙaramin yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya kai shi ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai a Tarabulus, inda ta rasu ba da daɗewa ba. Abin lura a nan shi ne, kusan duk abin da ya sami Umar wasu ne suka yi masa, alheri ko sharri. Shi nasa biyayya da karatu, sakayyarsa kuwa ya zama babban malami. Wannan shi ne haƙurin sallamawa a cikakkiyar siffarsa, kuma da shi za mu auna littattafan da suka biyo baya.

3.0 Abu: Gudu Daga Auren Dole

A Wa Zai Auri Jahila?, wanda ya fito a 1990, an cire Zainab, wadda ake kira Abu, daga makaranta tana da shekara 13. Saurayin da ta sa rai da shi ya guje ta don ba ta da ilimi, sannan aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Da Abu ta bi tafarkin Umar, da ta zauna a ɗakinta ta ci gaba da haɗiye baƙin ciki, kuma da jama'ar ƙauyen sun yabe ta da haƙuri. Maimakon haka sai ta gudu Kano wajen wata 'yar'uwar iyayenta, Hajiya Kumatu, ta koma karatu.

Gwanintar marubuciyar tana cikin yadda ta juya kalmar jahila. Wanda ya karanta sunan littafin zai zaci yarinyar ake zagi, amma kafin ya yi nisa zai ga cewa tambayar ta koma kan waɗanda suka hana ta karatu, suka kuma fake da addini wajen yi mata auren da ba ta so. Bugu da ƙari, ba ta sa Abu ta bijire wa addini ba. Da ilimin addinin ne ma ake gane cewa an zalunce ta. Inda muke ganin rauni shi ne ƙarshen labarin, domin nasarar da Abu ta samu ta cika ta batse, har ta yi kama da irin sakayyar tatsuniya. Duk da haka, marubuciyar ta kafa wata ƙa'ida da ta saɓa wa ta Shaihu Umar: tauraruwa ita ke fara ɗaga ƙafa, sannan mataimaki ya zo.

4.0 Ɗantala: Juriyar da Ba a Saka Mata Ba

Born on a Tuesday ya fito a 2015, sunansa kuwa fassarar sunan tauraron ne, Ɗantala. Almajiri ne da ya gama zama wajen malaminsa ya faɗa cikin 'yan gindin kuka a wani wuri da marubucin ya kira Bayan Layi. A zaɓen 2003 'yan siyasa suka ba su kuɗi su ta da tarzoma, aka harbe jagoransu Banda, shi kuwa ya tsere Sakkwato, inda Shaihu Jamal ya ba shi masauki a masallaci. A can ya sami aboki, Jibril, wanda ya koya masa Turanci, har ya riƙa tara sababbin kalmomi a wani ɗan littafi yana gwada su da abin da ke faruwa gare shi.

Wanda ya saba da Shaihu Umar zai zaci ga Abdulkarim ya sake dawowa da sunan Shaihu Jamal, saura kawai Ɗantala ya zama malami labari ya ƙare. Marubucin ya ƙi ba mu wannan kwanciyar hankali. Ambaliya ta ci ƙannen Ɗantala mata, mahaifiyarsa ta zauce. Mataimakin Shaihu, Malam Abdul-Nur, ya ɓalle ya kafa ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi, aka kashe Shaihu, sojoji kuma suka kama Ɗantala suka tsare shi wata da watanni suna gana masa azaba, alhali ba shi da hannu a ta'asar. Ya fito da ransa, amma babu gida, babu malami. A ganinmu wannan ne ya sa littafin ya fi sauran biyun nauyi, domin ya nuna cewa yaro yana iya yin dukan abin da al'umma ke nema gare shi, ladabi da karatu da riƙon amana, ta kuma tashi ta tauye shi. Aibinsa kuwa shi ne, a kashi na ƙarshe abubuwa sun taru sun yi cunkoso, ta yadda rikicin ƙungiyoyi ya kusa danne muryar yaron da muka biyo tun farko.

5.0 Adunni: Harshe a Matsayin Makami

Littafin Abi Daré ya fito a 2020, kuma ya kai mu ƙasar Yarabawa. Adunni 'yar shekara 14 ce, mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta ya aurar da ita ga Morufu, direban tasi, ta zama mata ta uku, don ya sami kuɗin biyan haya. Ta gudu, aka kai ta Legas aikatau gidan wata attajira mai sayar da yadi, inda take shan duka da yunwa, ga maigidan yana kai mata hari. Kuku Kofi ne ya ba ta labarin wata gasar tallafin karatu, wata maƙwabciya mai suna Tia ta taimaka mata da gyaran Turanci, ta kuwa ci gasar.

Salon littafin shi ne abin dubawa. Adunni ce ke ba da labarin da bakinta, cikin gurguwar Turanci da ke miƙewa sannu a hankali gwargwadon yadda karatunta ke ƙaruwa. Mai karatu yana jin ci gaban yarinyar a cikin jimlolin kansu, ba sai an gaya masa ba. Sai dai muna da ja a wuri ɗaya. Tsirar Adunni ta rataya ne ga dace da mace mai kuɗi da tausayi, kuma irin wannan dace bai cika samun 'yan aikatau ba. Marubuciyar ta ɗan rage wannan gibi da labarin Rebecca, 'yar aikin da ta gabaci Adunni a gidan ta kuma ɓace, wadda inuwarta ke tuna mana da waɗanda ba su dace ba.

6.0 Kammalawa

Idan muka haɗa littattafan uku za mu ga abubuwa uku da suka yi tarayya a kansu. Na ɗaya, kowane tauraro ya gudu daga inda aka ajiye shi, kuma marubutan ba su ɗauki gudun a matsayin rashin tarbiyya ba. Na biyu, ilimi ne igiyar da kowannensu ya kama, kamar dai Umar, amma su da kansu suka miƙa hannu gare ta. Na uku, babu wanda ya tsira shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: Abu na da Hajiya Kumatu, Ɗantala na da Shaihu Jamal da Jibril, Adunni na da Kofi da Tia.

Wannan yana da muhimmanci gare mu malamai, domin mu ne ke sa ɗalibai su fitar da jigo. In muka karɓi amsar da ta tsaya ga cewa littafi yana koyar da haƙuri, to mun koya wa yarinyar da ke cikin halin Abu cewa zamanta shi ne daidai, mun kuma wanke Sarkin Noma da 'yan siyasar Bayan Layi. Shawararmu ita ce, duk lokacin da aka kawo irin wannan labari aji, a tambayi ɗalibai abu biyu: wa ya jawo wahalar, kuma me tauraron ya yi da hannunsa kafin taimako ya zo? Haka kuma muna kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu da su ba fassarar irin waɗannan littattafai muhimmanci, domin labarin Ɗantala da aka rubuta da Turanci zai yi wuya ya isa ga almajirin da aka yi shi dominsa, in ba ta bakin Hausa ba.