Wuƙar Kaka ba ta kilo ba ce

Ƙanena ya dawo daga Maraɗi kwanakin baya, ya zazzage mini jakarsa a kan tabarma. Wuƙaƙe bakwai, farare tas, wata tana naɗewa, wata an zana mata kan mikiya a ƙota. Tara su yake yi, shi da abokansa: a jera a kan ƙyalle, a ɗauki hoto, a saka a Facebook da TikTok. Na ce masa, “To ƙanena, ina wuƙar Kaka?” Sai ya sunkuyar da kai. Ashe ta bi buhun tsofaffin ƙarafan da aka auna wa masu sayen ƙarfe a kilo, tare da guntun gatari da karyayyiyar hauya. Har yau abin yana ci mini rai.

Ban ƙi sha'awarsa ba ko kaɗan. Mai tara wuƙa ya san darajar aikin hannu, kuma ina murna da yayin ya shigo. Damuwata ita ce idon samarinmu ya tsallake abin da ke rataye a ɗakunan iyayensu, ya sauka kan kayan kwantena da ba wanda ya san hannun da ya yi su.

Wuƙar Kaka baƙa ce. Yawan washi ya cinye tsakiyarta har ta rame, ƙotarta ta yi sulɓi saboda gumin hannu. A gidanmu na Agiye tana rataye a saman ƙofar ɗakinsa cikin jan kube, ba yaron da ya isa ya taɓa. Jajibirin Layya kaɗai take saukowa. Kaka ya zauna gaban dutsen washi, ni kuma in durƙusa da ƙoƙon ruwa ina ɗiga masa. “A hankali, abokina, ba wanka za mu yi mata ba.” In ya gama sai ya gwada kaifinta a gashin hannunsa. Washegari da ita ake yanka, da ita ake fiɗa, kafin a baje raguna a kan gicciyayyun sanduna kewaye da wuta. A bakin wuƙar nan na karɓi yankan hanta na farko da nake iya tunawa. Mahaifin Kaka ne ya bar masa ita, kuma ya san sunan maƙerin da ya ƙera ta, ya san garinsu.

Duk wanda ya tashi tsakanin Gazawa da Gidan Rumji ya san rumfar maƙera. Yaro yana danna zugazugi, gawayin ƙirya yana ci, maƙeri ya zaro jan ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, masaba tana sauka. Kakanninsu tama suke narkawa. Na yanzu ƙarfen sifirin na tsofaffin motoci suke sarrafawa, kuma ƙarfe ne mai riƙe kaifi. Gwaninta tana wajen tsoma shi a ruwa: in aka kuskure, wuƙa ta yi taushi ko ta tsage. Daga nan sai wurin baduku ya ɗinka mata kube. Kubenmu ma ba abin rainawa ba ne, domin fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har ta isa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko.

Ga fage kuwa mai faɗi ga wanda yake son tarawa da gaske. Wuƙar mahauci daban, askar wanzami daban, ta baduku daban, ga wadda Buzaye ke ɗaurawa a damtse, ga takobi, ga waɗanda ƴan tauri ke gogawa a jiki ranar wasa ana kiɗa. Kowace da surarta, kowace da gidan da ta fito. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, da aka buɗe tun 1959, zai tarar da masu sana'ar hannu suna aiki a cikin harabarsa, baƙi suna saye. Haka a Agadas, haka a Kasuwar Kurmi ta Kano. Baƙo ya biya kuɗin jirgi ya zo neman tsohuwar wuƙa, mu kuma muna ɗora tamu a sikeli. Da tsohuwar zuma ake magani, mun fi kowa sanin haka.

Na san abin da za a ce: wuƙar Sin tana da arha, ba ta tsatsa. Gaskiya ne, Inna ma da ita take yanka albasa, ban kuma ga laifinta ba. Aikin madafa daban, gado daban. Na kuma san wuƙa ta yi baƙin jini a wannan zamani na rashin tsaro, shi ya sa nake gaya wa ƙanena cewa wurinta gida ne, cikin kubenta, ba ƙugun saurayi a majalisa ba.

Ƴan'uwa masu wannan sha'awa, kafin Layyar bana ku shiga ɗakin Baba ko na Baffa ku tambaya. In kun same ta, ku goge tsatsar, ku shafa mata man gyaɗa, ku kai wa maƙerin garinku ya gyara ƙota, ku biya shi da kyau. Sannan ku zaunar da tsoho tun yana raye, ku rubuta sunan wanda ya ƙera ta da hannayen da ta bi kafin ta iso gare ku.