Kalmar "Ƙwaya" Ta Gaji Da Dako

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar takardar wayar da kai da aka miƙo mini a wani asibiti, ranar da na raka kawuna ganin likita. Da muka koma gida ya ce in karanta masa. A shafi guda na ci karo da ƙwayar cuta, da ƙwayar magani, da ƙwayar jini, da ƙwayar halitta. Da na gama sai tsohon ya dube ni ya ce, "To, ɗana, wacce ce ke kashe wacce?" Wannan tambaya ita ce hukuncin da ya dace da irin wannan fassara.

Ba ina nufin mafassara ba su yi ƙoƙari ba. Laifinsu shi ne sun sami kalma mai haƙuri sun mai da ita jakin dako. Alal misali, abin da Turawa ke kira sel, wato ɗan mitsitsin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi, wasu na ce masa ƙwayar halitta. Abin da ke ɗauke da gadon kamanni daga iyaye, shi ma ƙwayar halitta. Alhali kuwa na biyun a cikin na farkon yake zaune. Wasu kuma sun ce tantanin halitta, amma ai tantani marufi ne, ba shi ne abin da aka rufe ba. Shi kansa Robert Hooke, wanda ya raɗa sunan a 1665, kalmar Latin mai nufin ɗan ƙaramin ɗaki ya aro, domin abin da ya gani ke nan a madubin ƙara girma.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar ɗalibai ce kawai. Bakteriya daban, bairos daban, amma duka mun ce ƙwayar cuta. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Mura kuwa bairos ke kawo ta. To, mutumin da aka gaya wa cewa wannan magani yana kashe ƙwayar cuta, me zai hana shi sha don mura? Ya yi asarar kuɗi, ya kuma taimaka wa bakteriya su saba da maganin har ya daina cin su.

Haka kalmar jijiya. Wadda ke fitar da jini daga zuciya, da wadda ke komar da shi, da wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, duk jijiya. Abin takaici, ta ƙarshen nan tana da sunanta, agara. Kowane mahauci ya san ta, kamar yadda ya san saifa, da matsarmama, da laka, da guringuntsi. Ke nan ba Hausa ce ta gaza ba, mu ne ba mu tambaya ba. Bargery ma da ya fitar da ƙamusunsa a 1934, daga bakin mutane ya tattaro kalmominsa.

Shawarata biyu ce. Abin da ido ke gani a jiki, mu je wurin mahauta da wanzamai da ungozomomi mu karɓo sunansa. Abin da sai da madubi ake ganinsa, mu ari sunan mu Hausantar da shi, kamar yadda muka yi wa asibiti da likita, sa'an nan mu tsaya a kan suna ɗaya ga abu ɗaya.

'Yan'uwa ɗalibai, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In muka yi shiru, kawuna da ire-irensa ne za su biya kuɗin sakacinmu. Haza wasalam.