Ɗaki Ɗaya Mai Ƙofa Shida: Fim Ɗin Cube Da 'Yan Kallonsa A Yawuri

Gabatarwa

Sau da yawa idan muka zauna taron ƙungiya aka tayar da maganar dalilin da ya sa marubutanmu da masu shirya finafinanmu ba su cika taɓa labarin ƙagen kimiyya ba, amsa ɗaya ake bayarwa, wato babu kuɗi. Wai irin wannan labari sai wanda ya mallaki na'urorin Amurka da jarin Amurka. Wannan amsa ta daɗe tana yi mana daɗi, domin tana sauke mana nauyi. To amma wani abu da muka gani da idonmu a wani gidan kallo a Yelwan Yawuri ya sa dole mu sake lale.

A wani dare da babu wasan ƙwallo, mai gidan kallon ya sanya wani tsohon fim mai suna Cube don kada a tashi da wuri. A kan bencinan akwai 'yan makaranta da 'yan kabu-kabu da masunta da suka kawo kifi kasuwa, da wasu fatake daga Shanga da Ngaski masu jiran wayewar gari, sai mu malaman makaranta 'yan kaɗan. Wani saurayi mai jin Turanci ya tsaya kusa da akwatin yana yi wa jama'a tafinta. Wannan sharhi na fim ɗin ne da kuma 'yan kallon, domin abin da suka yi a daren nan ya fi ƙarfin a bar shi a kan benci.

Fim Ɗin A Taƙaice

Vincenzo Natali, mutumin Kanada, shi ya ba da umarnin Cube, aka fara nuna shi a bikin finafinai na birnin Toronto a shekarar 1997. Kuɗin da aka kashe masa bai kai dala 400,000 ba, alhali a wannan shekarar ne aka fitar da Titanic wanda ya laƙume dala miliyan 200. Ɗaki ɗaya aka gina a Toronto, mai siffar akwati, ana canza masa launin bango daga fari zuwa ja zuwa kore zuwa shuɗi, sai mai kallo ya ɗauka ɗakuna ne barkatai. Cikin kimanin mako uku aka gama ɗauka.

Labarin shi ne, wasu mutane da ba su san juna ba sun farka sun tsinci kansu a cikin wani gini na ɗakuna masu kama ɗaya. Kowane ɗaki yana da ƙofa shida, huɗu a bango, ɗaya a rufi, ɗaya a daɓe. Wasu ɗakunan lafiya lau, wasu kuma an ɗana musu tarko mai kisa nan take. Babu abinci, babu ruwa, babu wanda ya gaya musu laifinsu. Akwai Quentin ɗan sanda, da Holloway likita, da Leaven ɗaliba mai ƙwaƙwalwar lissafi, da Rennes wanda ya shahara da tserewa daga kurkuku, da Worth wanda ya fid da rai tun farko, sai Kazan mai lalurar ƙwaƙwalwa wanda aka ɗauka kaya ne kawai.

A bakin kowace ƙofa akwai lambobi. Leaven ta fara zaton ɗakin da ke da lambar da ba ta rabuwa sai da kanta ko da 1, irin su 2, 3, 5, 7 da 11, shi ne mai tarko. Daga baya ta gano ginin yana da ɗaki 26 a tsawo, 26 a faɗi, 26 a tsayi, wato ɗaki 17,576, kuma ɗakunan yawo suke yi. Lissafin da ya rage ya fi ƙarfinta ba tare da na'ura ba, sai ga shi Kazan da ake raina wa yana yin sa da ka.

Kashi Uku Na 'Yan Kallo

Kashi na farko sun fice tun ba a yi nisa ba. Ƙorafinsu shi ne babu mota, babu waƙa da rawa, babu ko canjin tufafi, kuma sun lura ɗaki ɗaya ake ta juyawa. A wurinsu wannan alama ce ta talaucin masu fim, kuma ba su biya kuɗin shiga don su kalli talauci ba. Ba mu ga laifinsu sosai ba. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa finafinan Indiya da ake fassarawa a Kano, an saba musu da cewa daɗin fim yana cikin yawan wurare da yawan kwalliya.

Kashi na biyu, waɗanda su ne mafi yawa, sun zauna har ƙarshe, ba wanda ya motsa ko da janareta ya yi tari. Lokacin da Rennes ya ɗaura wa takalmi igiya yana jefawa cikin ɗaki don ya gwada ko akwai tarko, masunta suka yi ta jinjina kai, suna cewa haka matuƙin kwalekwale yake dungurar ƙasan ruwa da gora kafin ya ratsa wurin da bai sani ba. Da dabarar ta ci amanarsa ya mutu, gidan ya yi tsit. 'Yan makaranta kuwa suka shiga taya Leaven lissafi da ƙarfi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yaran da ke gyangyaɗi a darasin lissafi su ne a sahun gaba.

Amma da aka kai ƙarshe, wannan kashi ya fusata. Tun farko sun naɗa Quentin a matsayin akta, ga shi ƙaƙƙarfa, ga shi ɗan sanda, ga shi baƙar fata irinmu. Sai ya rikiɗe ya zama bos a kan idonsu, ya saki Holloway ta faɗa rami da gangan, daga ƙarshe ya hallaka Leaven. Wanda ya fita cikin farin haske shi kaɗai shi ne Kazan. Nan fa aka kaure da musu. Wa ya gina gidan? Me aka yi masa? Ina sakayyar yarinyar da ta yi duk wahalar? Wasu suka rantse akwai kashi na biyu da mai gidan kallo ya ɓoye. Gaskiya ne an yi Cube 2 a 2002 da Cube Zero a 2004, amma wasu ne dabam suka ba da umarninsu, kuma fim na farko a tsaye yake da ƙafarsa.

Kashi na uku mutum biyu ne ko uku, cikinsu har da wani dattijo daga cikin Gungawa. Shi bai shiga musun ba. Da aka matsa masa, sai ya ce shi bai ga abin da ya rage ba a faɗa ba, domin mutumin nan Worth ya riga ya faɗi kome.

Abin Da Dattijo Ya Hango

A tsakiyar fim ɗin kowa ya kawo nasa zato. Quentin yana ganin wani hamshaƙin mai kuɗi ne ke nishaɗi da rayukansu. Holloway tana ganin makircin hukuma da sojoji ne. Sai Worth ya tona asirin kansa, cewa shi aka ba kwangilar zana bangon waje na ginin, ya zana, aka biya shi, bai tambayi ko na mene ne ba. A ganinsa babu wani mugu guda da ke riƙe da linzami. Aiki ne da aka fara, aka manta dalilinsa, kowa ya yi ɗan yankinsa ya karɓi ladansa, sa'annan aka zuba mutane a ciki don kada a ce an yi asarar kuɗi.

Matasa sun ɗauki wannan bayani a matsayin kauce wa tambaya. Dattijon kuwa yana yaro aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohon garin Bussa da tsibirin Foge da sauran gungunan da kakanninsa suka zauna, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Wanda ya auna ƙasa dabam, wanda ya zana gidajen dabam, wanda ya ƙidaya mutane dabam, kuma da wuya a nuna mutum ɗaya a cikinsu a ce ya ƙulla sharri. Madatsar ta kawo wuta da kifi da sauran alfanu, ba mu musun wannan. Amma wanda aka ɗauke daga gungu aka ajiye a tudu ya san yadda abu yake faɗo wa mutum daga sama ba tare da ya sami fuskar da zai tuhuma ba. Kuma ga mu a bakin tafkin da ke ba ƙasa lantarki muna kallo da janareta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Haka nan batun wanda ya tsira. Mutanen wannan yanki ba su manta da ranar 26 ga Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya tsage a kusa da Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski, 'yan kaɗan suka kuɓuta. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Ruwa bai tace na kirki daga na banza ba, bai tambayi wa ya fi ilimi ba. Saboda haka muna ganin fushin 'yan kallo a kan mutuwar Leaven fushin wanda aka gaya wa gaskiyar da ya riga ya sani ne, a wurin da ya zo neman hutu daga gare ta.

Inda Fim Ɗin Ya Gaza

Kada a ɗauka mun wanke fim ɗin tas. Da farko, sauyin halin Quentin ya zo da gaggawa. An ɗan nuna alamun zafin zuciyarsa, amma daga mai tsawa zuwa mai kisa akwai matakala da aka tsallake, har wasansa ya koma zare ido da kumfar baki. Bugu da ƙari, ba za mu ce wa 'yan kallonmu ba su da hujja ba da suka ji zafin cewa baƙar fata ɗaya tilo a cikin taurarin shi aka mayar dodo. Ko da ba a yi da nufi ba, mai kallo a Yawuri yana da ikon ya lura.

Na biyu, an yi sakaci a lissafin. Akwai inda Leaven ta tsaya nazarin ko 645 tana rabuwa, sai wani ɗan aji uku ya yi tsaki ya ce duk lambar da ta ƙare da 5 ai 5 na raba ta. Gidan ya fashe da dariya, tsoron da aka gina ya zube na ɗan lokaci. Wannan izina ce ga duk mai son rubuta labarin kimiyya, ko kuskure ɗaya ya isa ya kwance masa zani a kasuwa.

Na uku, taurarin sun fi kama da wakilan ra'ayi fiye da mutane masu iyaye da gari. Ba mu san su sosai ba kafin a fara kashe su.

Darasi Ga Marubuta

'Yan'uwa marubuta, abu na farko da za mu ɗauka shi ne uzurin rashin kuɗi ya faɗi. Ɗaki ɗaya da mutum shida sun riƙe masunta da 'yan kabu-kabu awa ɗaya da rabi. Abin da ya riƙe su ƙa'ida ce mai sauƙin ganewa, da haɗari na gaske, da mutanen da kowa yake riƙe da abin da ɗan'uwansa ke buƙata alhali ba su yarda da juna ba. Tarkunan sun kashe mutum biyu kacal, sauran mutum ne ya kashe ɗan'uwansa. Marubuci ma ya fi mai fim gata, domin alƙalami ba ya neman kuɗin gina ɗaki. Tun a 1969 Umaru Dembo ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya, kuma har yau waɗanda suka bi sawunsa ba su taka kara sun karya ba.

Abu na biyu ya shafi ƙarshen labari. Mun gaji al'adar rufe labari da sakayya, mugu ya ga bayansa, jarumi ya komo gida da riba kamar Alhaji Imam a Ruwan Bagaja. Wannan al'ada tana da daraja, kuma mai karatunmu zai ci gaba da nemanta. Amma mun lura da wani abu. Finafinan da aka ɗaure musu bakin zare tsaf, kafin a kai bakin titi an manta da su. Wannan kuwa kwana uku ana musunsa a tashar jirgin ruwa da teburin mai shayi. Sharaɗin kawai shi ne, wanda zai bar tambaya a buɗe dole ya zama ya ajiye amsarta a cikin labarin ga mai lura, kamar yadda aka sanya ta a bakin Worth. Wanda ya bar ƙarshe a buɗe don bai san yadda zai rufe ba, wannan ha'inci ne.

Kammalawa

Irin wannan labari na wasan tsira da rai ya bunƙasa bayan Cube. Mutanen Sifaniya sun yi The Platform a 2019, Koriya ta Kudu ta fitar da Squid Game a 2021, kowa ya zuba damuwar ƙasarsa a cikin ƙwaryar, wannan yunwa, wancan bashi. Mu ma muna da abin zubawa. Muna da garuruwa a ƙarƙashin ruwa, da tsibiran da ke ɓulla da rani su nutse da damina, da jirgin da ake loda wa mutane da buhuna fiye da ƙima. Muna kuma da 'yan kallo masu kaifin ido da ba a yi musu wayo da lamba 645. Muna fatan kafin fitowa ta gaba wani daga cikin membobinmu zai aiko da gajeren labari mai wuri ɗaya da mutum biyar ko shida, mu karanta shi a zaman ƙungiya, mu yi musu a kansa kamar yadda aka yi a Yelwa. Allah Ya sa mu dace.