Jinjina ga masu gadin saba

A kasuwar Sinja da ke ƙasar Sudan, mai sayen dawa yakan miƙa wa ɗan kasuwa wayarsa, ya duba shaidar biya ta Bankak, manhajar Bankin Khartoum, sai a ɗaure bakin buhu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya, da wannan hanya 'yan'uwa daga Saudiyya ke ciyar da gidaje har garin Mai Wurno.

Masu riƙe da wannan amana injiniyoyi ne da ba a jin sunansu. Mutum yana zaune gaban allo guda, yana kula da tarin manyan kwamfutocin da ake kira saba: wacce ta yi zafi, wacce ma'ajiyarta ta kusa cika. In ɗaya ta faɗi da tsakar dare, ya juya nauyinta kan sauran kafin asuba, ya tabbatar kwafin bayanai na ajiye a wani gari. Aiki ne na haƙuri, wallahi, mai cin barci.

A Fabrairun 2024 layukan sadarwa na Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, ciniki ya tsaya cak, mai kuɗi a asusu ya rasa na magani. Irin waɗannan bayin Allah ne suka kafa sababbin na'urori a Port Sudan har layi ya fara dawowa. Allah ya saka musu da alheri.