Zanen aro: Frølich da allolin Arewa

Lorenz Frølich (1820-1908) yana cikin manyan masu zanen littattafai na ƙasar Danmak. A 1895 ya ƙawata fassarar da Karl Gjellerup ya yi wa waƙoƙin Edda da hotunan Odin da Thor. Hannunsa gwani ne, ban musa ba. Amma ku duba jikin allolin nan da kyau: ƙirar gumakan Girka ce, irin waɗanda ya sha kallo a shekarun da ya zauna Rum.

Na gane dalili. A 1864 Prusiya da Ostiriya suka ƙwace Shileswig da Holstein, ƙasa ta ƙanƙance, jama'a na neman kakannin da za su yi tinƙaho da su. To amma fa Edda ɗin ma a tsibirin Aisland aka rubuta ta, a ƙarni na 13, kuma sai a 1971 Kopenhagen ta mayar musu da littafinsu.

Kenan labari na Aisland, jiki na Girka, suna na Danmak. An ce zanen aro ba ya rufe katara. Wannan kam ya rufe, har ƴan ƙasar suka ɗauka saƙar gida ce. Nan ƙwarewarsa take, nan kuma nake tuhumarsa.